Sifiri Daidai da Uku

Malam Abdussalami ba mutum ne mai daɗin zama ba, kuma da yana raye ba zai gode wa wanda ya yi masa ƙaryar haka ba. Malamin lissafi ne. Shekara talatin da biyar ya yi da alli a hannu, goma na farko a wata sakandaren kwana wajen Tudun Wada, sauran a wata ta jeka-ka-dawo a ƙasar Kiru, inda yake zuwa a kan tsohon keke daga ƙauyensu na yankin Ba'awa. Ubansa manomi ne, ya mutu ya bar gida da gonar tudu da wata fadama a bakin rafi. Gonar tudun ta faɗa rabon ƙannensa, shi ya ɗauki gidan da fadamar. Bayan lissafi, fadamar nan kaɗai ya so a duniya, kuma in an ce kaɗai, har da mutane ake nufi.

Dogo ne, siriri, kullum aljihun rigarsa fari fat da garin alli. Yana da tsumagiyar tsamiya da ya raɗa wa suna Gyara. In ta karye ya yanko wata, ita ma Gyara.

Darasin da ya fi ƙauna shi ne na haruffa biyu da ba a san adadin da suke ɓoyewa ba, wato x da y. Shi ba ya ce musu haruffa. Ɓarayi yake ce musu. Zai shigo aji ba sallamar kirki, ya rubuta layi biyu a allo:

x + y = 7
x − y = 1

"Ɓarayi biyu sun ɓuya," zai ce. "Kowane layi a nan shaida ne. Shaida ɗaya ba ya kama ɓarawo biyu, shi ya sa aka ba ku biyu. Na farko ya ce in ka haɗa su, bakwai ne. Na biyu ya ce in ka cire wannan daga wancan, saura ɗaya. Yanzu me za a yi?"

Aji duka ya ɗauka da ƙarfi, don wanda bai buɗe baki ba Gyara za ta buɗe masa: "A kashe ɗaya, Malam!"

"A kashe ɗaya. Ba a kama biyu lokaci guda."

Sai ya tara layukan, y ta sama da ta ƙasa su cinye juna, a bar x biyu daidai da takwas, wato x huɗu ne. Ya ɗauki huɗun ya mayar wa shaida na farko, y ta fito uku. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ya kakkaɓe hannu, ya juyo yana duban fuskoki kamar mai neman wanda zai yanka. A gaskiya ya iya abin. Da ya bar tsumagiyar a gida, da ƙila wani ya koya. Amma yaro da ke lura da hannun dama na malami ba ya lura da allo. Abin da yawancinsu suka fita da shi daga ajinsa bai wuce wannan ihun ba, a kashe ɗaya, sai tabo a bayan cinya.

A cikinsu akwai Mu'azu, ɗan wani mahauci, mai kyawun rubutu da kan da lissafi ba ya zama a ciki. Wata jarrabawa ya ci sifiri. Malam ya fito da shi, ya juya shi, ya zana masa ƙaton sifiri da alli a bayan riga, ya sa shi ya zaga azuzuwan makarantar ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa. Tun daga ranar ya zama Mu'azu Sifiri. Ya girma, ya yi gemu, ya zama magatakardan dagaci saboda kyawun rubutun nan, amma sunan bai bar shi ba. Matarsa ma, a gidan biki, matar Sifiri ake ce mata.

A gida kuwa matar Malam, Kaltume, ta haifa masa biyu da suka rayu, Mustapha da ƙanwarsa Ramla. Ramla tana shekara tara ya tambaye ta bakwai sau takwas, ta ce hamsin da huɗu. Ya dube ta ya ce, "Tashi. Kanki na tuƙa tuwo ne." Bai sake zaunar da ita gaban allo ba. Ta gama firamare da ƙyar, ta ƙi ci gaba, shi kuma bai tambayi dalili ba. Daga baya ta auri wani direba da take so a Doguwa.

Mustapha shi ne aka zuba wa komai, da ilimin da dukan. Yaron yana da kai, kuma wannan ne ya jawo masa. Wani hutu, yana shekara goma sha biyar, Malam ya kira shi zaure bayan la'asar, ya rubuta masa a bango:

x + 2y = 4
2x + 4y = 11

Mustapha ya ninka layin farko sau biyu don ya kashe x, ya samu x biyu da y huɗu daidai da takwas. Ya cire shi daga layi na biyu. Sai x ta mutu, y ma ta mutu tare da ita, hagu ba komai, dama kuwa takwas daga sha ɗaya saura uku. Sifiri daidai da uku. Ya goge ya sake. Ya sake samun haka. Malam ya zuba masa Gyara ya ce gobe ma rana ce. Kwana uku ana haka, yaron ya daina cin abinci, yana zaton kansa ne ya lalace. A rana ta uku Malam ya yi dariya, abin da ba a cika gani ba.

"Tun ranar farko ka gama, sakarai. Dubi shaidun. Na farko in ka ninka maganarsa, takwas ya ce. Na biyu, a kan abu ɗaya, ya ce sha ɗaya. Za su iya zama gaskiya su biyun?"

"A'a, Baba."

"To babu ɓarawon da za a kama. Amsar ita ce babu. Duk ranar da ka ga sifiri ya zama uku, ba kai ne mahaukaci ba, ɗaya cikin shaidun ne maƙaryaci. Wannan ba na koya wa 'yan aji, ɓarnar alli ce. Kai kaɗai na koya wa."

"To me ya sa ka dake ni?"

"Don ka samu gaskiya ka goge ta."

Mustapha ya shiga jami'a zai karanta injiniya. Shekara biyu ya yi ya tattaro kayansa ya dawo, ya ce ko lamba ya gani a jikin mota zuciyarsa tashi take. Ya buɗe shagon kayan babur a Kwanar Dangora. Malam bai yi faɗa ba. Suna kawai ya ba shi, Asarar Alli, kuma da shi ya kira shi a ƙofar masallaci ranar ɗaurin aurensa, a gaban surukansa. Kaltume ta rasu shekara biyu bayan haka. Mutane sun ce hawan jini ne. Mustapha ya ce ya san sunan hawan jinin.

Da Malam ya yi ritaya sai ya koma fadama gaba ɗaya. Tumatir, albasa, tattasai, kowace kunya da igiya yake auna ta, duk ɗan ƙwadagon da ya karkace layi sai ya tone ya sake. Mijin Ramla ya rasu a haɗarin mota, ta dawo gida da 'ya'yanta mata biyu, ya karɓe ta kamar yadda ake karɓar ruwan sama a ranar shanya. Ita ce dai ke dafawa, ita ke kai masa abinci gona. Ita ce kuma ta tarar da shi wata rana da hantsi, kwance a tsakanin kunyoyin albasa, baki ya karkace, ruwan ban-ruwa yana bi ta ƙarƙashin kunnensa.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi da shi. Abin da ba wanda ya sani sai shi, a ciki komai yana nan. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa, yana shirya amsa tsaf, amma in ta zo fita sai ta ɓace a hanya ko wata ta fito a madadinta. Kalmomi kaɗan ne suka rage masa da yake iya kira su zo: to, a'a, babu, da sunan Allah. Sai Kaltume, wadda ke fitowa ba tare da an kira ta ba. Rubutun kalma ma ya ƙi, haruffan sai su watse masa. Lambobi ne kaɗai ba su guje shi ba. Da hannun hagu ya fara, da gawayi, a bangon zauren nan. Da Ramla ta ga yana samun sauƙin rai da hakan sai ta saya masa kwalin alli. Kullum da safe ta jingine shi da bango, ya yini yana ba kansa tambaya yana amsawa, yana jan layi biyu a ƙasa. Ita ba ta san me yake rubutawa ba. Ta dai san mahaukaci ba ya jera abu haka a miƙe.

Fadamar ta koma hannunta. Ita ke neman 'yan ƙwadago, ita ke tsayawa a kansu, daga nan ake ci, daga nan ake sayen maganinsa. Ranar da aka ɗebo tumatir takan kawo masa guda uku a faranti ya gani, ya juya su da hannun hagu, ya ce to, ko ya ce a'a.

A shekara ta biyu da ciwon, wani mai buga bulo ya ga yashin bakin rafin ya yi sha'awa. Ba noma zai yi ba, haƙa zai yi. Mustapha ya zo da takardar sayar masa da fadamar, da tawadar dangwale, ya durƙusa ya gaida ubansa, ya yi bayani a hankali kamar mai magana da ƙaramin yaro. Malam ya saurara har ƙarshe. Sannan ya cusa babban yatsansa na hagu a baki ya datse da sauran haƙoransa.

"Baba, ba ka iya zuwa wurin ma. Me za ka yi da ita?"

"A'a," in ji Malam ta gefen yatsa.

"Yaya, ka ji dai ya ce a'a," in ji Ramla daga bakin ƙofa. "In an haƙe ta me za mu ci? Yashi?"

"Ke yi mana shiru. A'a ɗin nan ko ruwa kika miƙa masa ita zai ce."

Mustapha ya kai magana gaban dagaci. Ya ce hankalin mahaifinsa ya gushe, shi ne ɗa namiji, yana so a shaida shi ne wakili a kan dukiyarsa. In dattawa suka yarda Malam ba ya cikin hayyacinsa, a'arsa ba ta da nauyi, fadama ta tafi. In suka ga yana ciki, Mustapha ya koma shagonsa.

Aka kai Malam ƙofar gidan dagaci a keken guragu na aro. Dagacin dattijo ne mai sauƙin kai, ba ya son abin da zai kai shi kotu. Ya gaida Malam da girmamawa, ya nuna Ramla.

"Malam, wace ce wannan?"

Malam ya san ta sarai. Ya ga sunan a zuciyarsa, ya kamo shi, ya tura.

"Kaltume."

Dattawa suka dubi juna. Aka tambaye shi yau wace rana. Alhamis ce, ya sani. Ya ce, "To."

Ramla ta matso a durƙushe. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Bakinsa ne ya mutu, ba kansa ba. Ku daina tambayarsa da baki. Ku ba shi lissafi. Kullum yana yi a bango, wallahi ko ruwa bai sha ba sai ya yi. Ku ba shi irin wanda yake ba yara, in ya kasa ni da kaina zan sa hannu a takardar."

Malam ya buga hannun keken da tafinsa. "To! To!"

Dagaci ya ga hanya ce mai sauƙi. Ya ce tunda Mustapha yana cikin maganar ba shi zai kawo tambaya ba, magatakarda ne zai kawo, da amsarta a rufe a takarda. Ya tambayi Mustapha wace rana za ta yi masa. Mustapha ya amsa, kansa a ƙasa.

"Talata da safe, ranka ya daɗe."

Talata da safe duk wani malamin makaranta na yankin yana cikin aji. Malam bai kawo wannan a ransa ba a lokacin. Murna ce ta rufe masa ido. Kwana biyar ya yi yana cika bango, har inda hannunsa ke kaiwa daga zaune. Ya sa Ramla da nuni ta fito da babbar rigarsa ta sallamar ritaya ta wanke, ta kai hularsa aka buga. Yana ganin kansa yana jan layi biyu, yana juyowa, yana duban Asarar Alli da Sifiri a gaban jama'a. Ko sau ɗaya bai yi tunanin ya gode wa Ramla ba. Da ma dai ba shi da kalmar.

Ranar Talata wurin ya cika kamar za a yi dambe. An aro allo daga firamare an jingine da bishiyar darbejiya. Rabin mazan da suka taru sun taɓa zama a ajinsa, yanzu masu acaɓa ne da teloli da 'yan tireda, wasu da furfura. Da Ramla ta turo keken, wani ya ɗaga murya daga baya.

"A kashe ɗaya, Malam!"

"Ai an riga an kashe ɗaya," in ji wani. "Na dama."

Aka yi dariya. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Mu'azu Sifiri ya miƙe cikin farin yadi mai guga, ya gaida Malam har ƙasa, ya zaro takarda daga aljihu, ya fara kwafa a allo da kyakkyawan rubutun nan nasa.

x + 2y = 4

Malam ya gyara zama. Mu'azu ya sauko layi na biyu. Tun kafin ya rufe sha ɗayan, Malam ya gane tambayar.

2x + 4y = 11

Ita ce wadda ya ba Mustapha a zaure, ko lamba ɗaya ba a canja ba. Ya juya ya nemi Mustapha. Yana zaune a gefen tabarma, yana danna waya.

Aka tura keken gaban allo, Ramla ta sa masa alli a hannu, ta raɗa masa, "Bismillah, Baba." Ya daɗe yana kallon layukan. In ya ƙi rubutawa, ya kasa. In ya rubuta, ya san inda hanyar za ta ɓulle. Abu ɗaya ya rage masa. A bayansa akwai mutum ya fi talatin da ya koyar. In ya bi a hankali, mataki mataki, da manyan lambobi, ko mutum ɗaya ne zai biyo shi ya ga inda ƙaryar take.

Ya fara. Ya sa alamar ninkawa da biyu a gefen layin farko. Ya rubuta sabon layin a ƙasa, mai ƙarewa da takwas. Da hannun hagu ne, amma lambobin suna fita. Wurin ya yi tsit, har ana jin ƙarar alli. Wani tsoho ya ce, "Kai, mutumin nan da sauransa." Ramla ta rufe baki da mayafi tana murmushi. Ya ja layin ɗebewa. Ya soke x da x. Ya soke y da y. Ya rubuta abin da ya rage.

0 = 3

Ya ja layi biyu a ƙasa, don hannunsa bai san wata hanyar gamawa ba. Sannan ya juyo, ya nuna takwas, ya nuna sha ɗaya, ya sake nuna takwas. Kalmar da yake nema ita ce ƙarya. Tana nan a kan harshensa, yana jin ɗanɗanonta. Ya tattara duk ƙarfinsa.

"Kal... Kaltume."

Ya rintse ido. Ya sake. A wannan karon wadda ya kira ce ta zo, kuma ita ce amsar, cikakkiya, yadda ya koyar da ita shekara talatin da suka wuce.

"Babu."

"Babu me, Malam?" in ji dagaci a hankali.

"Babu. Babu!"

"Ya ce babu," wani ya faɗa wa na bayansa. "Ya sallama."

Dagaci ya dubi magatakardansa. "Mu'azu, me ya rubuta a ƙarshen nan?"

Mu'azu ya matsa kusa da allo, ya sunkuya kamar bai gani da kyau ba, ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ya rubuta sifiri daidai yake da uku."

Sai wani tela ya ce, "To ashe Mu'azu kai uku ne ba mu sani ba!"

"Shekara talatin da huɗu ina jiran Malam ya ƙara min maki," in ji Mu'azu. "Alhamdulillahi, yau ya ƙara."

Dariyar da aka yi har mata suka leƙo ta katanga. Mutanen da suka taɓa fitsari a wando saboda shi suna riƙe ciki suna dukan kafaɗar juna. Malam ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana iya tuna kujerar kowa da makinsa. Ba wanda ke kallon allo. Ko a da ma ba allo suke kallo ba.

Mu'azu ya yage takardar da aka rufe, ya karanta: x biyu ne, y ɗaya. Har ya gwada wa jama'a a layin farko, biyu a tara da biyu, huɗu, ga shi kuwa huɗu a rubuce. Aka gyaɗa kai. Bai gwada a layi na biyu ba. Malam ya dubi fuskarsa ya gane ba ɓoyewa yake ba, bai san ana gwadawa a duka biyun ba. Ya yarda da amsar da aka ba shi da zuciya ɗaya. Ko ramuwar gayyar ma sai da aka ba Sifiri satar amsa.

Malam ya juya ga allo zai nuna musu: biyu sau biyu huɗu, huɗu sau ɗaya huɗu, takwas ke nan, ba sha ɗaya ba. Amma hannun ya gaji, kuma fushi ya hau shi. Maimakon rubutu sai ya shiga dukan sha ɗayan da alli, yana duka yana cewa babu, babu, har allin ya farfashe, ya ci gaba da ƙullin hannu. Allon ya zame daga jikin bishiya ya faɗi. Hularsa ta faɗi. Miyau ya zubo ta gefen bakin da ba ya rufuwa, ya sauka a kan aikin babbar rigar.

Dariya ta tsaya. Abin da ya maye gurbinta ya fi ta muni, tausayi ne.

"Allah ya sawwaƙe," in ji dagaci. "Allah ya sa mu gama lafiya. Jama'a kun gani da idonku. Ramla, kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah ya yi miki albarka. Mustapha, amana ce, ka riƙe mahaifinka da kyau."

Mustapha ya sa waya a aljihu, ya taso, ya ɗauki hular ya kakkaɓe ya mayar a kan ubansa. Ya durƙusa, ya zaro hankici, ya goge masa baki, ya kama hannun hagun yana share garin allin yatsa bayan yatsa. Ya kai bakinsa kusa da kunnensa yadda ba mai ji sai shi.

"Daidai ne, Baba. Tun farko ka gama. Ka samu gaskiya kuma ba ka goge ta ba. Goma bisa goma."

Ya miƙe idonsa a bushe. Dattawa suna cewa ka ga ɗan albarka, duk abin da uban ya yi masa. Kafin azahar Mu'azu ya sa tsumma mai ruwa ya wanke allon tas, aka mayar da shi firamare, inda akwai malamai aƙalla biyu da za su iya karanta abin da ke jiki da an bar shi.

Ramla ta tura keken har gida. Ta cire masa rigar, ta jingine shi da bangon zaure. Nan take ya miƙa hannu ga kwalin alli. Ya samu wani ɗan fili a bango, ya rubuta layukan biyu, ya ja zanenta ya nuna mata ƙasa kusa da shi. Zauna, yake nufi. Tun tana shekara tara bai ce mata haka ba. Ta zauna. Ya fara daga farko, a hankali, yana rubutawa yana duban fuskarta, yana nuna biyu, yana nuna huɗu, yana ɗaga yatsu. Bai taɓa koyar da kowa da haƙuri irin na wannan yammacin ba. Ta bi hannunsa da ido har ya iso ƙasa, ya rubuta sifiri, ya rubuta uku.

Ta daɗe tana kallo.

"Baba," ta ce, "ni kaina na tuƙa tuwo ne, ka faɗa tun tuni kuma ban musa ba. Amma ko ni na san sifiri ba uku ba ne."

"A'a. A'a!"

"Ka yafe min. Ni na kai ka aka yi maka dariya. Na ga kana jera su a miƙe, na zaci..." Ta share hanci da bakin mayafi. "Ashe Yaya ya fi ni gani. Abin nan shi ke ƙara taɓa maka kai."

Ta zare allin daga hannunsa, ba da ƙarfi ba. Ta ɗauki kwalin ta ba 'ya'yanta su kai makarantar allo ko su zubar. Washegari ta kawo bokiti da soso ta wanke bangon zauren daga inda hannunsa ke kaiwa har ƙasa. Da ta ga ya koma gawayi, ta daina barin murhu kusa da shi. Ranar Juma'a ta sa hannu a takardar, kamar yadda ta yi alkawari.

Ba a jira an cire albasar da ke ƙasa ba. Cikin sati biyu tifa ta fara shiga, kuma hanyar fita daga rafin ta ƙofar gidan Malam ta bi. Yana zaune a zaure yana ganin fadamarsa tana wucewa, jiƙaƙƙiya, tana ɗiga a kan hanya. Ramla ta koma yin ƙosai da safe da wankau. Mustapha yana aiko da buhun masara duk bayan wata biyu, ana yaba masa.

Malam ya ƙara shekara biyu da wata huɗu a zauren nan, da hankalinsa cif. Da yatsa yake rubutu a ƙasa, Ramla tana sharewa da tsintsiya kowace safiya ba tare da ta duba ba. Masu wucewa masallaci sukan leƙo su gaishe shi, har da tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu suka daina jin haushinsa.

"Malam, ya jiki? Akwai wata damuwa?"

Ya ɗago ya dube su, ya nuna ƙasa da yatsa.

"Babu."

"To alhamdulillahi," su ce, su wuce.